Farin Gari a Cikin Durom

Ruwan bohol na ƙauyensu Firisila, can bayan Naraguta, garau yake, ba wari ba laka. Amma duk wanda ya tashi da shi sai haƙoransa su rine kamar na tsohon maci goro. Da irin waɗannan haƙora Firisila ta shiga jami'a. 'Yan ajinsu suka laƙaba mata Hajiya Goro, ita da ko ɓari ba ta taɓa taunawa ba. Ba ta rufe baki ba, ba ta daina ɗaga hannu a aji ba. A can ta san sunan abin: fulorayid, sinadarin da ruwa ke kwasowa daga duwatsun ƙasarsu.

Digirinta na biyu kaf a kan farar ƙasa ya ƙare. Ta gasa, ta niƙa, ta haɗa da sinadarin ƙarfe, har ta samu gari mai laushin da sai na'ura ke iya ganin ƙwayarsa. In ruwa ya ratsa shi, fulorayid ya manne, ruwan ya wuce. Sau da yawa wuta ta ɗauke tanderu na tsakiyar aiki, ta zubar, ta sake daga farko. A ɗakin gwaji garin ya yi aiki, sai malaminta Dakta Sharafaddeen ya yarda a kafa durom guda a ƙauye, a sa garin a ciki ya riƙa tace ruwan sha.

A ƙauye kuwa abu ya ƙi. Duk ruwan da ta tara daga famfon durom ta auna, fulorayid na nan daram. Dakta ya ce mata cikin lallashi, ba abin kunya ba ne abu ya yi a kwalba ya ƙi a durom. In awo na gaba bai sauka ba, za a kwaso durom ɗin. Ta ce masa garinta ba ya ƙarya.

Ranar Asabar ta je da kanta ta kwance murfin. Jakar da ta ɗinke garin a ciki an farke ta ta gefe, saura ɗan kaɗan a gindi.

Gwaggonta Magadaliya, shugabar zumuntar mata, wadda aka ba amanar durom, ko musu ba ta yi ba. Ai Firisila da bakinta ta tsaya a coci ta ce wannan gari maganin jan haƙori ne. To, a bar magani cikin durom ruwa yana cinye shi? Shi ne suka raba, kowace da ɗan gwangwaninta, har matan gidan Malam Bala na gefen masallaci ba a manta da su ba. Safe da yamma suna dangwala asuwaki suna gogewa.

"Kuma yana yi fa," in ji Magadaliya, ta yage baki. "Dubi nan gefen. Babanku ya ce na koma budurwa."

Firisila ta duba. Ba abin da ya canza. Dariya ta taso mata tare da kuka, ta haɗiye su duka, ta ce a tara mata matan.

Ƙarƙashin mangwaro ta yi musu bayani, ba ta sassauta ba. Launin nan ba a sama yake ba, tun haƙori na cikin dasashi ya shige shi.

"Gwaggo, namu ya riga ya tafi. Naki, nawa, duka. Ko buhu guda kika goga ba zai fita ba. Na waɗannan da kuke goye da su nake nema."

Wata mai goyo, Tina, ta sauko da 'yarta, ta sa yatsa tana taɓa mata dasashi. Wata tsohuwa ta yi gunaguni cewa da tun farko haka aka faɗa, ba Hausar jami'a ba. Firisila ta ce to, yanzu an faɗa.

Suka fara kawo gwangwanaye, ta ce su bar shi, wanda asuwaki ya taɓa ba ya komawa ruwan sha; sabo za ta gasa. Magadaliya ta shiga ɗaki ta ciro kwaɗon rumbunta, ta ce a ɗaure murfin da shi, mabuɗi kuma a bakin zaninta zai kwana.

Daga nan Firisila ta kira Dakta ta gaya masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya tambaye ta ko akwai sauran farar ƙasa. Ta ce akwai.

"To durom ya zauna," in ji shi. "Litinin ki zo da wuri, kafin a ɗauke wuta."