Lasifikar Mai Rediyo

Tun safe Mai Rediyo ya kasa zama wuri ɗaya. Ya kwance lasifikar, ya hure ƙura, ya canja waya, ya ɗaure, ya gwada. Siririn fiton nan da take yi kafin murya ta fito yana nan daram.

Gobe ranar tunawa ce. Za a karanta sunayen mutanen unguwa da aka kashe shekara ashirin da suka wuce, lokacin da aka tashi ƙarar da ƙabilar su Ungozoma. Kwamiti ya nemi aron lasifikarsa, Ungozoma ce kuma za ta karanta.

Da wannan lasifikar yayansa ya hau bayan mota a wancan lokacin, yana kiran gidajen da za a afka wa. Shi ya miƙa masa ita da hannunsa, har da sabon batir. Yayan ya mutu a kurkuku, ba wanda ya taɓa tambayar daga shagon wa ta fito. Amma duk wanda ya ji fiton nan daga ƙarƙashin gado ba zai manta shi ba.

Tela ya leƙo daga shagonsa. "Yau aljanun rediyon ne suka motsa? Sau biyar ke nan kana feɗe abin nan."

"Ka ji da wandona da ka yi wa ƙafa ɗaya da rabi."

Bai rufe baki ba sai ga Ungozoma da takardu a hannu. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yan Mai Rediyo uku.

"Baban 'yan biyu, kunna mu ji. Muryar tawa ta zama ta tsohuwar ƙofa."

Ya ɗauki wayar, ya ajiye. Ya matsar da kujera, ya maido ta.

"Inna, kada mu kunna. Ita ce."

"Ita ce wa?"

"Ta bayan motar. Ni na ba shi."

Keken ɗinkin Tela ya tsaya. Ungozoma ta dubi lasifikar, sannan ta daidaita gefen takardunta a kan tebur.

"Gidanmu ne na huɗu da ya kira," ta ce. "Shekara nawa kana gaishe ni da wannan a bakinka?"

Ya shiga naɗe wayar lasifikar.

"Mayar da abarka. Da bakina zan karanta."

"Inna, filin da faɗi, na baya ba za su ji ba."

"Sai su matso. Naku da namu, kowa ya matso."

Ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

"Kai kuma a gaba za ka tsaya, inda zan gan ka. Suna ɗari biyu da sha ɗaya ne. Ka zo da ƙafafunka, tsayuwar da tsawo."