Gefen da Manhaja Ta Datse

"Ina gefen takardar?" in ji Baba Lissafi, ya nesanta wayar da fuskarsa yana ƙanƙance ido. "'Yata, wa ya cinye mini gefe?"

Mai ɗinki, maƙwabciyarsa ta jikin katanga, ta karɓi wayarta ta duba, ba ta ga abin da ya ɓace ba. Mako uku ke nan da ta ari littattafansa huɗu, waɗanda ya cika da hannunsa cikin shekara talatin yana koyar da lissafi. Ta ɗauki hotonsu shafi-shafi da wata manhaja mai miƙe takarda, ta tura wa rukunin matan da suke shirin sake zama jarrabawa tare, duk iyayen 'ya'ya, waɗanda lissafi ya kayar tun suna 'yan mata. Abu ya bazu, har wata ta turo mata kayanta tana cewa ta samo mata wani abin kirki.

"Manhajar ce ke datse gefe, Baba, don ya fito tsaf."

"Tsaf!" Ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, ta kawo ruwa tana harararsa.

Da ya samu numfashi ya buɗe littafin a cinyarsa. Ashe kowane darasi da kuskuren da ɗalibai suka saba yi yake farawa, ya rubuta shi da kyau kamar gaske, sannan a gefe da jan biro ya sa, "Wannan hanya rami ce," ya nuna inda ƙafa ke zamewa. Wannan gefen ne manhajar ta share kamar datti.

Mai ɗinki ita kanta ramin ta haddace.

"Mutum nawa suka samu?"

"Sun fi ɗari uku, Baba. Jarrabawar kuma saura kwana goma."

"To, garin neman gira an rasa ido," in ji shi, yana murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta. "Ɗauko kujera."

Likita ya riga ya sallamo shi gida ba tare da sabon magani ba, kowa a layin ya san abin da hakan ke nufi, shi ma ya sani. Ga shi jan tawadar ta koɗe, waya ba ta ɗaukarta, shi kaɗai ke iya karanta ta. Sai dai a naɗi muryarsa.

Haka suka kafa aji a ɗakin kowace safiya. Mama ta danne shafi da dutsen guga mai sanyi, Mai ɗinki ta riƙe waya kusa da bakinsa, ɗinkin mutane kuwa ya taru a shagonta tana ta ba da haƙuri. Rabon da a ga Baba haka tun kafin ya yi ritaya.

"'Yan mata," haka yake kiran matan rukunin, har da masu jikoki, "wadda ta sake raba lamba da sifiri, ni da ita ne."

"Da wane ƙarfin?" in ji Mama daga gefe. "Shanye shayinka tukuna."

Duk wannan ya shiga cikin saƙon, Baba ya hana a goge. Kafin kwana uku matan rukunin suka fara gaida Mama. Wata ta tambayi yadda ake fitar da tawada daga aljihun riga, Mama kuwa ta ƙwace wayar ta ce lemun tsami da gishiri, shekara arba'in tana fama da aljihun wani. Ran nan tambayoyinta suka fi nasa yawa, ya yi fushi na wasa ya juya wa bango fuska.

Muryar ta dinga raguwa. A rana ta shida, saura shafi uku, sai da Mai ɗinki ta kara wayar a leɓensa. Tausayi ya kama ta.

"Baba, mu bari sai gobe."

"Gobe ta Allah ce. Juya shafi."

Ya kai ƙarshe da raɗa, ya ce a tura yanzu, yana kallo. Ta tura. Suka zauna su uku suna kallon wayar tana ƙyalli, godiya na shigowa ɗaya bayan ɗaya, Mai ɗinki na karanta masa har barci ya ɗauke shi. Washegari da hantsi ya rasu, Mama na zaune a bakin gadon tana ninke rigunansa.

Ranar jarrabawa, da aka tashi, Mai ɗinki ba ta tsaya gidanta ba. Da takardar tambayoyi a hannu ta faɗa gidan Baba, ta manta ko sallama, ta tarar da Mama zaune a tabarma a ƙofar ɗaki.

"Mama, duk sun fito! Ramuka huɗu, ko ɗaya ban faɗa ba!"

Mama ta tafa hannu tana dariya. "Ke, maza shiga ki faɗa ma..."

Dariyar ba ta gama barin fuskarta ba, hawaye ya gangaro. Ta matsa gefe ta buga tabarmar da tafin hannu, Mai ɗinki ta zauna, ta shimfiɗa takardar a tsakaninsu.