Allon da ke Filin Harbi na Kati

Wata bakwai ke nan Saje Namakoro Jara yana koyar da harbi a barikin Kati, amma ko sau ɗaya bai ja kunamar bindiga ba. Da baki yake koyarwa. Ya gyara wa kurtu kafaɗa, ya ce riƙe numfashi, ya ja baya.

Ɗan maharba ne shi. A gidansu, in ka kayar da dabba sai ka isa gare ta, ka ɗora mata hannu ka nemi gafara, in ba haka ba alhakin ranta ya bi ka har gida. A yaƙin Turawa, can hayin teku, ya harbi wani saurayi mai jan gashi da ya fito ɗiban ruwa da bokiti. Waya mai ƙaya da ruwan harsashi suka hana shi isa wurin gawar. Tun daga ranar, duk sa'ad da aka ɗaga allon nan mai siffar mutum a ƙarshen fili, saurayin yake gani tsaye da bokitinsa.

Ba wanda ya lura sai Seriba Tarawele, wani ƙaton kurtu, maharbi shi ma. Tsakanin zuriyar Jara da ta Tarawele akwai wasan dangi, don haka bakinsa ba ya tsoron igiya ukun saje.

"Saje, bawana, wai bindigar taka azumi take yi? Ko wake ka cika mata ciki kamar naka?"

"Rufe baki, ɗan ɓarawon wake. Kwanta ka yi saiti."

"Na kwanta, ranka ya daɗe." Sai ya rage murya. "Wa kake gani a can, yaya?"

Namakoro ya wuce wurin kurtu na gaba.

Ran Talata da hantsi kyaftin ɗin barikin, wani Bature, ya zo duba kurata, ashirin suna kwance a jere, bindigogi ɗure. Ta bakin tafinta ya ce ya ji wata magana: wai malamin harbi ba ya harbi. Saje ya nuna musu yanzu. In ya kasa, a cire masa igiya, ya bi jirgin ƙasa na gaba ya koma filin daga.

Namakoro ya kwanta a jar ƙasa. Aka ɗaga allon. Ga saurayin nan, ruwa na zuba daga bakin bokiti, yana kallon gefe kamar an kira shi. Amma hannun maharbi ba ya mantuwa. Ƙara ta tashi. Daga cikin ramin da ke gindin allon aka ɗago farin faifai mai nuna inda harsashi ya samu: tsakiyar ƙirji.

"Da kyau," in ji kyaftin, ya ɗaga hannu don kurata su buɗe wuta.

Sai ga Namakoro ya miƙe, ya ajiye bindiga, ya nufi allon, ba a busa usur ba. A wannan karon babu waya a gabansa.

"Kada wanda ya harba!" Seriba ya yi tsalle ya tsaya gaban layin, hannuwa a buɗe. "Ku bar shi ya isa!"

Kyaftin na ta ihu da yarensa. Maharban cikin kuratan suka kifar da bindigoginsu, sauran suka bi su.

Taku ɗari uku. Namakoro ya ɗora tafinsa a kan hujin, katakon da ɗumi. Ya buɗe baki zai fara kalmomin da ubansa ya koya masa, sai ya tsaya. Da sunan abin da ka kashe ake farawa: kai gwanki, ke ɓauna. Ya lalubi kansa, babu sunan saurayin.

"Wane ne kai?" ya ce. "Ɗan wa?"

Masu aikin rami suka ɗago kai suna kallonsa. Yana nan tsaye yana jiran amsa har dogarawan kyaftin biyu suka iso, ɗaya ya sa wuƙa ya fara tsinke igiyoyin hannun rigarsa. Ko waiwaye bai yi ba.