Bututu a Bakin Baba Harouna

"Ka gaya mata kada su sa mini abin can a baki," in ji Baba Harouna. Ya riƙe mini wuyan hannu, ya yi nuni da haɓa zuwa gadon da ke gefe, inda wani mutum yake kwance da bututu har maƙogwaro, inji yana hura masa numfashi. "In lokaci ya zo, so nake bakina ya zama a sake. In yi kalmar shahada da harshena. Ba na neman komai bayan wannan."

Na juya na faɗa wa likitar da Turanci. Mace ce matashiya, idanunta duk gajiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta buɗe kwamfuta ta juyo da ita wajena.

"Jiya ya amince a yi masa duk abin da zai ceci ransa, har da bututun," in ji ta. "Ga sa hannunsa. Da tafinta aka yi."

"Tafintan wane yare?"

"Faransanci."

Baba Harouna maƙwabcinmu ne a hawa na huɗu, a wani tsohon gini a unguwar Mount Hope. Mutumin Damagaram ne, ya yi shekara ashirin da biyu yana sayar da huluna da tabarau a bakin titin Canal Street. Matarsa da 'ya'yansa suna Nijar. Ni kuwa daga zangon Kumasi ta Gana aka kawo ni ƙasar nan ina shekara tara. Na bar makaranta a aji goma, na yi wankin mota na bari, na yi gadi na bari, a lokacin ina kai wa mutane abinci a keke. Duk ginin shi kaɗai ne bai taɓa tambayata yaushe zan yi hankali ba. In muka haɗu a matakala sai ya ce, "Ɗan Gana, yau ina aka nufa?" ya wuce yana dariya tun ban ba shi amsa ba.

A wannan matakalar na tsince shi ranar Talata da safe, a zaune, jakar hulunansa a tsakanin ƙafafunsa, yana jan numfashi kamar wanda ya yi gudu. Na kira motar asibiti. Da suka ɗauke shi ban bi su ba. Na ce zan je da yamma, sai yamma ta same ni a unguwar Parkchester wajen abokaina. Sai Laraba da hantsi na je.

"Baba, ai ba ka jin Faransanci," na ce masa. "Me ka gaya musu jiya?"

"Sun duba fasfo sun ga Nijar, sai suka miƙo mini waya. Wata mata tana ta magana a ciki. Na ce mata oui, wato e."

"A kan me ka ce oui?"

"A kan komai." Ya tsaya ya nemi iska. "Mu haka muka tashi, Muniru. In ka shiga ofis aka yi maka Faransanci, ba ka kunyata ma'aikaci ka ce ba ka ji ba. Ka amsa, ka karɓi takardarka, ka fito waje ka nemi mai karanta maka a gindin bishiya. To nan ban ga hanyar waje ba."

Na bayyana wa likitar duk wannan. Na ce mata Faransanci yaren gwamnatinsu ne, ba yarensa ba, mutumin nan bai taɓa zama a ajin boko ba. Ta sa hannu ta dafe goshi.

"Na yarda da kai," in ji ta. "Amma wannan maganar rai ce. Idan mutum zai ƙi abin da zai hana shi mutuwa, dole in ji daga bakinsa ta hanyar tafintan da aka tantance. Kai ɗan'uwansa ne?"

"Maƙwabcinsa."

"Ya rubuta sunanka a matsayin wakilinsa?"

"A'a."

"Matarsa fa, ana iya samunta?"

"Ana iya samunta a waya. Ita ma Hausa kaɗai take ji."

Ta jawo wata waya mai kai biyu da ke jikin bango, ta danna lambar masu tafinta. Muka yi ta jin kiɗa. Can wata murya ta tambayi yaren, ta ce a maimaita, ta sake barinmu da kiɗan. Da ta dawo sai ta ce babu mai Hausa a layi yanzu, amma za a iya tsara mana gobe ƙarfe goma na safe.

"Gobe ƙarfe goma, Baba," na ce.

"Allah ya kai mu," in ji shi. Ya kalli silin.

A baranda na hango Anti Nimatu tana tura keken zannuwan gado. 'Yar zangonmu ce, ƙawar mahaifiyata, shekararta goma sha ɗaya tana aikin kula da marasa lafiya a asibitin. Na sha gabanta.

"Anti, ki zo ki gaya wa likitar nan. Ke ma'aikaciyarsu ce, za ta ji naki."

"Ei, Muniru, sassauta muryarka." Ta waiga hagu da dama. "Na ji duk abin da ya faɗa, ina gyara gadon gefe. Amma ba ni da takardar tafinta. Sau biyu aka kira ni ofis. Na farko na fassara wa wata baiwar Allah maganar magani. Na biyu na karanta wa wata tsohuwa Fatiha, wani ya ji ya kai ƙara. Suka ce nan asibitin gwamnati ne, muddin ina sanye da kayan aiki ba ni ba addu'a da marar lafiya. Na uku kora ce."

"To limami fa?"

"Nasu na Musulmi ranar Alhamis yake zuwa. Shi ma ba Hausa yake ji ba."

"Anti, ga ki, ga ni, ga shi. Mu uku muna jin juna."

"Na sani, ɗana." Ta gyara katin sunanta da ke rataye a ƙirji. "Wallahi na sani." Ta tura kekenta ta wuce.

Na koma na zauna kusa da shi. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya minti goma, ranar na zauna tun azahar. Lambobin da ke allon saman kansa suna sauka kaɗan-kaɗan. Shi ma yana kallonsu, ko da yake ban san ko ya san ma'anarsu ba.

"Bari in fara tun yanzu," in ji shi. "Ko Allah zai karɓa a matsayin ta ƙarshe."

Ya fara. La'ilaha illallah. Ya huta. Ya sake. Robar iskar da aka sa masa a fuska tana yin gumi ta washe. Bai ƙara yi mini wata magana ba, ni ma na kama bakina don kada in sa ya amsa mini da wani abu dabam.

Dab da la'asar injin da ke auna numfashinsa ya fara ƙara. Mutum biyar suka shigo a tare. Na miƙe na tare bakin gadon, ina cewa da Turanci ba ya so, ya faɗa ba ya so, ku jira gobe. Likitar ta kalle ni, ta ce, "Ba zai kai gobe ba in ban yi ba. Ka yi haƙuri." Wani ƙato cikin ma'aikatan ya kama kafaɗata a hankali ya fitar da ni, aka ja labule.

Ina tsaye a bayan labulen ina jin shi. Ya yi shahada sau ɗaya, muryar ta fita sarai. Na ce a raina alhamdulillahi, ya tsaya nan. Sai aka kwantar da gadon, wani abu na ƙarfe ya yi ƙara, tsoro ya kama shi.

"Muniru!" ya kira. "Muniru, ka gaya musu..."

Daga nan sai ƙarar inji.

Washegari ƙarfe goma daidai wayar bangon ta yi ƙara. Wata nas ta miƙo mini kai ɗaya.

"Salamu alaikum," in ji wani mutum da Hausar Kano tsantsa. "Ni ne tafinta. Ina marar lafiyar? Zai iya magana?"

Na kalli Baba Harouna, idanunsa a rufe, filasta ta manne masa gemu a kumatu. Na ce wa mutumin ba zai iya ba. Sai ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, ɗan'uwa." Aka kashe wayar.

Kwana uku ya yi a haka. Kullum ina zuwa in sunkuya in yi masa shahada a kunne. Ban san ko yana ji ba. Matarsa ta kira daga Damagaram ta tambaye ni me ya faɗa na ƙarshe. Na ce mata layin ba ya da kyau, zan sake kira.

Ya rasu ranar Asabar, ƙarfe uku da 'yan mintuna. Suka kashe injin, amma suka ce bututun zai zauna sai an gama cike takardu. Ina zaune ni kaɗai da shi sai Anti Nimatu ta shigo. Ta tashi daga aiki, ta sa doguwar rigarta ta gida da mayafi, jakarta a kafaɗa. Ta ja labule ta rufe mu.

Ta rufe masa idanu da tafin hannu. Ta so ta haɗa masa baki, bututun ya hana. Sai ta ɗauki wani ɗan soso mai tsinke daga kan tebur, ta tsoma a kofin ruwa, ta shiga jiƙa masa leɓɓansa da suka tsage, tana zagaye bututun a hankali, na sama sannan na ƙasa.