Kafin Lauratu Ta Sauka

Rufa'i ɗan wan babana ne, kuma ba zan rufa masa asiri ba: bakinsa ya fi hankalinsa sauri, ba da haƙuri kuwa ya fi masa ɗaukar buhun dawa nauyi. A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, matarsa Lauratu, da cikinta, ta roƙe shi kada ya tafi aikin gona a yankin Simsim bana. Laifinta ɗaya, ta ɗaga murya alhali abokansa na ƙofar gida suna shan shayi. Kafin shayin ya huce ya yi mata saki ɗaya. Ta tattara komatsanta ta koma wurin goggonta Kande, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama. Shi kuma ya ɗora kekensa a bayan lori ya tafi mashru'in wani Alhaji, ƙatuwar gonar riɗi da ake nomawa da tarakta, inda yake wakilin ma'aikata.

Bai wani damu ba, don ya san hukunci daidai gwargwado. Mace mai ciki iddarta ba ta ƙarewa sai ta haihu, kuma kafin nan miji na iya mayar da ita ba tare da sabon ɗaurin aure ba. In ta sauka kuwa, igiya ta tsinke, ta zama mai ikon kanta. Shi ya lissafa a yatsunsa cewa sai bayan an gama yankan riɗi. Nufinsa ya sayo mata tufafi a birnin Gadarif, ya je ya durƙusa gaban Modibbo, limamin garinmu, ya faɗi maganar tana bayan labule tana ji. A saninsa haka ake yi, ba wata hanya. A kambo, wato bukkokin da ma'aikata ke kwana, bai gaya wa kowa ya yi saki ba. Kunya ta hana.

Sai dai lissafin ciki ba aikin namiji ba ne.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗago, yana tsaye yana duba tarin riɗin da aka jingine don ya bushe, Husaini direba ya iso daga wajen garin Hawata da gangunan ruwa. Ya leƙo ta taga yana washe baki.

"Ya zol, mutumina, mabruk, barka tun yanzu! Goggo Kande ta tare ni a hanya jiya da la'asar. Ta ce in gaya maka Lauratu na ciwon baya tun safe, kuma wai ka san abin da ya rage maka."

Rufa'i ya bar tarin riɗin ya matso jikin motar. Ya sani kuwa.

"Yaushe za ka koma?"

"Jibi, in Allah ya so. Gindin motar nan ya karye a kwazazzabo, da ƙyar na lallaɓo ta. Kai, ka ga fuskarka? Haihuwa ce fa, ba mutuwa ba."

"Lafiya lau," in ji Rufa'i. Ya miƙa masa sandar wakilci, ya ce ya riƙe masa mutane, ya ɗaura gorar ruwa a bayan keke ya hau.

Wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane tsawon tafiyar ba. Fili ne shimfiɗe, baƙar ƙasa ta tsage ta ko'ina, dawa dama da hagu har inda ido ya gaji. Hanya ba kwalta, sawun tayoyin tarakta ne kawai guda biyu da suka bushe suka yi kaifi, dole mai keke ya zaɓi ɗaya ya bi shi da hankali. Ba kowa sai tsuntsaye da ke tashi daga zangarniya. Ga mai kwanciyar hankali tafiyar daɗi ce. Rufa'i kuwa shirun nan ne ya fi damunsa, domin ba abin da yake ji sai ƙarar sarƙa da zancen zuci. Ciwon baya tun jiya da safe. Haihuwar fari ce, an ce takan daɗe. Ya kama wannan magana ya riƙe gam, yana maimaita ta da kowane taku. Har ya tsinci kansa yana roƙon Allah ya jinkirta wa Lauratu naƙuda, sai kuma ya ji kunyar addu'ar ta kama shi, ya yi istigfari. Can gaba kaɗan ya sake yin ta.

Da hantsi ya yi zafi ƙaya ta huda tayar baya. Ya duba jakar kaya, ga famfo, ba faci. Ya zauna a bakin hanya ya cire taya ya cusa mata busasshiyar ciyawa har ta yi tauri. Keken ya koma tafiya da ƙyar, yana tsalle a kowane rami.

Kusan tsakar rana ya iso tsohon garin da ke gindin dutse. Kakanninmu da suka taho daga yamma da niyyar hajji sun yada zango a nan, kuma tun kafin su akwai mutane, don har yau ana ganin tushen gidajen dutse da ba wanda ya san mai su, da rijiyoyin da aka sassaƙa cikin falalen dutse. Yanzu gidaje ba su fi ashirin ba. Ya bi ta lungu ɗaya tilo, ya wuce kaburbura, ya tarar da dattawa biyu a inuwar masallaci suna tufkar igiya. Gorarsa ta ƙare, dole ya tsaya.

Suka ba shi ruwan randa. Suka tambayi gidansu, aka gano babba daga cikinsu ya san kakansa. Aka shiga gaisuwa, ta mutanen da sukan yi mako ba su ga baƙo ba. Rufa'i na amsawa, ƙafarsa ɗaya a kan feda.

"Ɗana, ka zauna rana ta yi sanyi mana," in ji dattijon. "Wannan gumi haka, lafiya dai ko?"

Saura kaɗan ya faɗa musu gaskiya. Amma ya dubi furfurar mutumin da ya san kakansa, ya ga ba zai iya cewa ya saki mace da ciki saboda ta ɗaga murya ba.

"Alhamdulillahi, Baba. Gida kawai zan leƙa."

"Kwayyis, madalla. To ka yi sauri, ka ga gabas can."

Ya waiwaya. Hadari ne ya haɗo, irin na ƙarshen damina da ba ya sallama.

Ya taka iya ƙarfinsa, amma ruwan ya cim masa a fili, inda ba ko itacen fakewa. Bai daɗe ba ya ɗauke, sai dai ya gama ɓarnarsa. Baƙar ƙasar nan in ta sha ruwa ta fi danƙo kamawa. Laka ta naɗe tayoyi, ta cushe ƙarƙashin murfinsu, keke ya tsaya cak. Ya sauka ya ƙwaƙule da tsinke, ya hau, taku goma ya sake tsayawa. Ya ɓalle murafun biyu ya jefar cikin dawa, shi da yake goge su kullum da tsumma. Duk da haka tayoyin suka ƙi juyawa. Ƙarshe ya saɓa keken a kafaɗa ya ci gaba da ƙafa, takalmansa suka maƙale ya bar su a nan.

A wannan tafiyar ce tsoro ya kama shi sosai. Ya tuna ranar da ta fita, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma waiwayo ba. Wata uku bai aika mata ko gaisuwa ba, yana jiran ta ji jiki. Ya san muddin cikin nan na jikinta, kalma ɗaya ta ishe shi. In ya fito kuwa, sai abin da ta ce, kuma shi bai san abin da za ta ce ba. Ya yi ta bitar maganar a ransa, yadda zai durƙusa, yadda zai fara, amma ya kame bakinsa, yana tanadinta don gaban Modibbo.

Bayan tafiyar kusan awa biyu ya fita daga inda ruwan ya sauka. Ya kankare tayoyi, ya hau ba takalmi. Sai da la'asar ta yi sakaliya ya hango itatuwan bakin kogin Rahad da rufin bukkokin garinmu.

Bai bi ta gidan Goggo Kande ba. Ya zarce masallaci, ya yar da keken, ya zube gaban Modibbo da ke zaune kan buzu yana jan carbi.

"Allah gafarta Malam, na mayar da Lauratu. Na mayar da matata."

Modibbo ya dube shi tun daga kai har ƙafafunsa masu jini.

"Sannu da hanya, Rufa'i. An sauka bayan azahar. Namiji, ita da shi lafiya."

Rufa'i ya yunƙura zai tashi.

"Tsaya tukuna," in ji Modibbo. "Kafin azahar, ka faɗa wa wani? Direban da ya kai maka saƙo, ko wasu a hanya?"

"Ana iya yi a can ne, Malam? Ba sai a gabanku ba?"

"La haula. Ko'ina, ɗana. Ko a bakin gona kake, ka furta mutum biyu su ji, ta koma ɗakinka ko tana Makka. Shi ya sa nake tambaya. Ka faɗa?"

Masallacin ba kowa sai su biyu. Rufa'i ya gaya mini daga baya cewa ƙarya ta zo masa a shirye, har da sunan wanda zai ce ya ji. Ya dubi ƙasa.

"Ban faɗa ba. An tambaye ni ma, na ce lafiya."

Modibbo ya sauke ajiyar zuciya. "To, halas, magana ta ƙare. Yanzu kai ma mai nema ne kamar kowa. In ta yarda, a ɗaura sabo. In ta ƙi, ba mai tilasta ta."

Rufa'i ya tashi ya ja ƙafa zuwa gidan Goggo Kande. Hayaƙi na tashi daga bayan danga, an ɗora babbar tukunyar ruwan wanka. Ya yi sallama sau biyu kafin Goggon ta fito tana goge hannu a zane. Ta kalle shi, ta girgiza kai.

"Ya waladi, ɗana, ni dai na aika."

"Goggo, a bar ni in gan ta. Magana ɗaya zan yi."

Tsohuwar ta juya za ta shiga ta tambaya, amma ba ta kai ga ɗaga labule ba. Muryar Lauratu ta fito daga ɗaki, a gajiye, ba faɗa a cikinta ko kaɗan.

"Goggo, ku miƙa masa yaron ya yi masa huɗuba, ɗansa ne. Amma ku shimfiɗa masa tabarma a rumfar waje, inda baƙi suke zama."