Kawu Kumai Cikin Singileti

Tamar malamar kwamfuta ce a wata sakandare a Kafanchan. Ƙanenta Boaz kuma yana gyaran waya a wani ɗan shago kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Su biyu suka haɗa kai za su yi gem na waya, irin wanda yara ke bugawa, amma na gida. Awaki ne za su riƙa kutsawa gonar citta, manomi yana korar su da sanda. Tamar ke zane, Boaz ke rubuta umarnin da ke sa zanen ya motsa.

Manhajar da ake haɗa gem ɗin da ita ce ta tsayar da su. Ta gwaji suka fara da ita, lokacin gwajin ya ƙare. Kamfanin ya ba da zaɓi biyu: ko mutum ya riƙa biyan kuɗi kaɗan duk wata, ko ya biya mai yawa sau ɗaya ta zama tasa. Albashin Tamar da cinikin Boaz ba su kai ko ɗaya ba, don haka suka tafi Kagoma wurin wan mahaifiyarsu.

Kawu Kumai tsohon hedimasta ne da ya koma dillancin citta, kuma dattijo ne a ikkilisiya. Yana da kuɗi, yana kuma son a san yana da su, amma ba ya son su bar aljihunsa. Ko shagon kan layi zai je sai ya sa kwat.

"Kawu, kamar gida ne," in ji Tamar. "Ko ka saya, ko ka kama haya. Ni dai na ce a saya a huta."

"Wanne ne ƙaramin?"

"Na wata-wata," in ji Boaz. "Kuma yana zuwa da rumbun kayansu, tufafi, itatuwa, duk mutum ya ɗauka ya yi aiki da su."

"To me ya kawo dogon turanci? A ɗauki ƙaramin."

"Kawu, ƙaramin ba ya ƙarewa fa."

"'Yata, na koyar da lissafi tun ba a haife ki ba."

Sharaɗi ɗaya ya kafa: manomin cikin gem ɗin ya zama shi. Fuskarsa, gilashinsa, da kwat mai ruwan bula. Boaz ya buɗe baki zai ce ba a korar akuya da kwat, Tamar ta taka masa ƙafa. Ta zana fuskar da hannunta, har da yadda yake ɗaga gira ɗaya in zai yi faɗa. Kwat ɗin kuwa da takalmin, daga rumbun kamfanin suka ɗauko.

Watannin farko Kawu ya biya, yana mita. Daga nan ya fara ƙin ɗaga waya. Da Boaz ya hau mashin ya je har gida, sai ya tarar da shi yana auna citta.

"Wane irin kaya ne wannan da ba a gama biyansa?" in ji Kawu. "Ko keken ɗinkin matata sau ɗaya na biya. Ka gaya musu sun ci rabonsu. Suna can ƙasarsu, wa zai zo Kafanchan ya ƙwace?"

Sai ga bikin cikarsa shekara saba'in ya matso. Za a yi sujadar godiya, a ci abinci a zauren majami'a, kuma Kawu ya sa aka buga a katin gayyata cewa za a nuna "gem ɗin da mai bikin ya gina domin matasa". Gem ɗin bai kammala ba balle a sa shi a waya, don haka daga kwamfutar Tamar za a haska shi a bango.

Ana gobe biki, da hantsi, Boaz ya buɗe kwamfutar don ya gwada. Ya ƙura wa allon ido. Sannan ya ce, "Sista, zo ki gani."

Manhajar ta buɗe, gonar tana nan, awakin da Tamar ta zana suna nan. Amma kamfanin ya janye duk abin da aka ɗauko daga rumbunsa. Ga Kawu Kumai tsaye a tsakiyar gona, da gilashinsa, da girarsa a ɗage, ba komai a jikinsa sai farar singileti da gajeren wando da Tamar ta zana masa a ƙarƙashin kwat ɗin. Ƙafafu sirara, ba takalmi.

Tamar ta zauna a ƙasa tana dariya har tana riƙe ciki.

"Ba abin dariya ba ne," in ji Boaz. "Bari in je in nemi rance wurin mai shagon kusa da ni, mu biya na wata ɗaya."

"Ba inda za ka. Danna, mu ga yadda yake gudu."

Ya danna. Kawu ya zabura a guje bayan wata baƙar akuya, singileti tana kaɗawa. Boaz ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya gagara.

"Zai kashe mu, Sista."

"Ai zan gaya masa. Ni ba na ɓoye-ɓoye."

Ta kira shi, ta buɗe muryar wayar yadda Boaz zai zama shaida. A can ana jin hayaniyar masu kafa rumfa.

"Kawu, ina kwana. Mutanen nan fa sun kwashe kayansu."

"Kayan me? Kai, ka ja igiyar can! Gem ɗin yana tafiya?"

"Yana tafiya, sai dai kayan sawa ne..."

"Fuskata tana nan?"

"Tana nan, Kawu, ras."

"To ku kawo shi haka. Kada ki ƙara yi mini maganar kuɗi a makon nan." Ya kashe.

Tamar ta dubi ƙanenta. "Ka ji da kunnenka."

Washegari bayan sujada zauren ya cika. 'Yan zumuntar mata sun yi anko, shinkafa da nama suna yawo, janareta na kuka a waje. Kawu Kumai ya karɓi makirufo cikin sabon kwat, ya yi jawabi a kan zamani da fasaha, da yadda tun yana hedimasta yake hango abin da wasu ba su hango ba.

"Abin da za ku gani yanzu," ya ce, "ni ne. Kamar yadda nake."

Boaz ya rufe ido ya danna.

A bango, Kawu mai tsawon ƙofa ya bayyana cikin singileti, ya ɗaga gira, ya kwasa a guje. Akuya ta kauce, ya zame ya faɗi a kan kunyar citta, ya tashi ya ci gaba. Fasto ya kai hankici baki ya shiga tari. Kowa na kallon na kusa da shi, ana jiran wanda zai fara dariya.

Mama Hulda ce ta fara, matar Kawun. Ta ajiye cokali, ta tafa hannu.

"Shi ne! Gaskiyar Allah shi ne! Haka yake fita da safe in akuyar maƙwabta ta shiga mana lambu!"

Zauren ya fashe. Tsofaffi na share hawaye, mawaƙan majami'a na buga tebur. Wani dattijo daga Fadan Kaje ya miƙe yana ihu, "Ta bayanka, Malam! Ga ta can ta bayanka!"

Tamar ta saci kallon Kawu. Kunnuwansa har rawa suke. Amma mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa gaban ɗalibai ba ya rasa abin faɗa. Ya jira dariyar ta lafa, ya gyara wuyan kwat.

"Yaran nan sun so su sa mini manyan kaya," ya ce. "Na ce a'a. Manomi nake, ɗan manomi. Ku nuna ni yadda Ubangiji ya san ni."

Aka yi tafi har da guɗa. Fasto ya miƙe ya ƙara da 'yar gajeriyar wa'azi a kan tawali'u, ya ce dattawa su yi koyi. Mutane suka yi layi kowa na son ya taɓa korar akuya, har abinci ya huce.

Da taro ya watse, Kawu ya tare Tamar a bayan zaure, inda ake wanke tukwane. Ya kama kunnenta kamar 'yar aji uku.

"Ke kin sani."

"Na kira ka, Kawu. Boaz shaida ne."

"Boaz ya gudu, na ga ƙurar mashin ɗinsa." Ya saki kunnen. "Ranar Litinin ki zo mu sayi abin nan gaba ɗaya. Ba wanda zai ƙara tuɓe ni a gaban ikkilisiya."

Ranar Litinin ya biya, yana nishi kamar ana cire masa haƙori. Tamar ta buɗe manhajar tana murmushin wadda ta ci gardama. Kawu na bango ya fito. Singileti da gajeren wando.

Ta sake rufewa ta buɗe. Haka dai. Boaz ya jawo kwamfutar ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin kamfanin, waɗanda yayarsa ta tsallake tun farko. Wanda ya saya sau ɗaya, manhajar tasa ce har abada, amma rumbun kaya na masu biyan wata ne kawai.

"Wato," in ji Kawu a hankali, "na sayi gida, ba kujera ko ɗaya a ciki."

"Kawu, ban ga wurin ba."

"Malamar kwamfuta." Ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya fito da kwat ɗinsa a rataye, ya ɗora mata a cinya. "Ki zana shi. Da maɓallansa, da aljihun hankici. In na ga layi ɗaya ya karkace, ki sake."

Hutun makarantar nan kaf a kan kwat ɗin ya ƙare. Sau da yawa yana mayar da ita, wai kafaɗa ta yi faɗi, wai launin ya yi kama da na direban banki. Boaz yana gefe yana cin gyaɗa, yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Da gem ɗin ya fita, suka sa zaɓi a farkonsa: Kawu mai kwat, ko Kawu manomi. Ya bazu a wayoyi daga Kafanchan har Kagarko, 'yan acaba na bugawa a inuwa suna jiran fasinja. Ba mai zaɓar kwat. A kasuwa mutanen da bai taɓa gani ba suna gaishe shi da "Baba mai akuya", kuma ya lura masu sayen citta sun fi tsayawa a rumfarsa.

Wata Asabar ya zo gidansu Tamar da kansa, ya zauna, ya sha ruwa, ya daɗe yana zagaye-zagaye.

"Wancan ɗin," ya ce daga baya, "na singiletin. A bar shi. Amma tumbin ya yi yawa. Ki rage."

"Sai na tambayi Mama Hulda, Kawu. Ita ta ce in ƙara."

Ya ɗaga gira. Sannan ya zaro wayarsa ya miƙa wa Boaz.

"Nuna mini yadda ake kama baƙar nan. Tun jiya take wahalar da ni."