Motar Malam Ja'afaru Ta Kwana a Sakatariya

Malam Ja'afaru ya fara tuƙin haya tun gemunsa na baƙi wuluk. A tashar Hunkuyi, duk direban da ka gani, ko dai shi ya koya masa riƙe sitiyari, ko shi ya koya wa wanda ya koya masa. Tsohuwar Golf ɗinsa kuwa, daga ƙarar salansa mutanen Kudan ke gane ta tun ba ta shawo kwana ba.

A daminar nan ne ƙaramar hukuma ta kafa wa motocin haya doka, bayan wani fasinja ya faɗo daga but a hanyar Makarfi ya karye. Aka hana sa mutum a but, aka hana cusa biyu a gidan gaba. Wanda ya karya dokar, motarsa ta kwana a sakatariya. Cikin ma'aikatan da aka tura bakin tasha har da 'yarsa Halimatusa'adiya, wadda ya raɗa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata.

Direbobi ba su so ba. Gilbert, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe da zama a Kudan, shi ta fara kamawa. Da ya karɓo motarsa washegari, sai ya tsaya a rumfar 'yan kamasho ya ce, "Ba komai. Muna nan ranar da za ta zo kan ta gida."

Malam Ja'afaru na zaune yana jinsa.

Ranar ta zo a wata ranar kasuwa. La'asar ta yi sanyi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, 'yan kasuwa suna ta rububin mota. Golf ta riga ta cika, sai ga wasu makiyaya biyu sun zo suna roƙo, wai rugarsu da nisa, in ruwa ya sauko rafi zai tare su. Bilya ɗan kamasho ya ɗaga but ya dubi Malam Ja'afaru. Shi kuwa ya dubi sama, ya kau da kai. Aka cusa su.

Bai kai ga hawa kwalta ba Halimatusa'adiya ta ɗaga masa hannu.

Ta zo cikin rigar aiki mai ɗaukar ido a kan hijabinta, ta durƙusa a gefen tagarsa kamar yadda take yi kowace safiya a gida.

"Baba, barka da yamma. Ya aiki?"

"Lafiya lau, Uwata. Matsa in wuce, ruwa zai sauko."

"Baba, akwai mutane a but."

"Na sani. Taimako ne."

"Na yarda taimako ne." Ta sunkuyar da kai. "Amma ka ba ni makullin, Baba."

Tashar ta yi tsit. Mai rake ya tsaya da wuƙa a hannu. Malam Ja'afaru ya dubi direbobin da suka taru. A tashar nan aka san shi da girma, yau ga shi za a sauke shi a gaban yaran da ya koya wa sa giya. Ya san in ya ɗaga murya sau ɗaya za ta yi kuka, kuma abokan aikinta za su ce a bar shi ya tafi. Ya dubi hannun da ta miƙo. Ba ta janye shi ba.

Ya zare makullin ya sa mata a tafi, ya fito ko kallonta bai yi ba.

Kafin a ja motar, sai da ta rarraba fasinjojinsa a wasu motoci, makiyayan nan ma ta samar musu kujera. Shi kaɗai ya rage a tsaye, yayyafi na dukan hularsa. Gilbert ya tsaya da motarsa a gabansa ya buɗe ƙofa.

"Baba, shigo in sauke ka."

Rabon da Malam Ja'afaru ya zauna a kujerar baya a matsayin fasinja har ya manta. Ya takure tsakanin wani dillalin hatsi mai ƙiba da wata dattijuwa da Gilbert ke kira Mama Rosaline, ta rungume kwandon tumatir a cinya. Baƙi ne daga wajen Ikara, ba su san shi ba.

Ba a yi nisa ba dillalin ya soma. "Kun ga abin da yarinyar nan ta yi? An ce uban da ya haife ta ne ta kama. Wannan ai rashin tarbiyya ne. Boko ya gama lalata 'ya'ya."

"Ni dai ban ga rashin tarbiyya ba," in ji Mama Rosaline. "A durƙushe na gan ta."

"Durƙuson munafunci. Wanda ya haifi irin wannan ai ya yi asara."

Gilbert ya leƙo ta madubi, ya ƙara rage gudu.

Malam Ja'afaru bai shirya magana ba, jin bakinsa kawai ya yi ya buɗe. "Malam, kana da 'ya'ya?"

"Alhamdu lillahi."

"A cikinsu akwai wanda za a ba amana, ya tsaya a kanta ko da kai ne a gabansa?"

Dillalin ya hau sosa ƙeya.

"To ni ina da ita. 'Yata ce. Da kuɗin motar da ta kama na sa ta makaranta, kuma ni na ce mata kada ta taɓa karɓar na goro a hannun kowa, kada ta duba fuskar kowa. Ban dai zaci fuskata ce za ta zo gabanta ba." Ya gyara zama. "Laifi nawa ne. Ita aikinta ta yi."

Mama Rosaline ta yi dariya har kwandon na girgiza. "Allah ya yi mata albarka, Baba."

"Amin," in ji Gilbert, a hankali. Da suka iso Kudan, Malam Ja'afaru ya sa hannu a aljihu, Gilbert ya rantse ba zai karɓa ba.

Ana kiran magariba Halimatusa'adiya ta shigo gida a jiƙe. Ta tsaya a bakin zaure ta kasa ƙarasowa, idanunta sun yi ja. Mahaifiyarta Azumi, da labari ya riga ya iso mata, ta fito daga madafa da shirin faɗa. Malam Ja'afaru ya ɗaga mata hannu daga kan tabarma.

"Azumi, zuba mata tuwo da zafinsa, ta wuni a tsaye." Ya juya ga 'yarsa. "Uwata, kin dai rufe min gilasan motar? Na bayan nan ba ya hawa sai an tallafa masa da hannu."

Ta share ido da gefen hijabi. "Na tallafa masa, Baba. Na kuma rufa mata tamfol."

"Madalla. Gobe in za ki fita ki tashe ni, mu tafi tare in karɓo abata."